Matsayin Wasa a Karatun Yaro Mai Ƙyuya

Tambayar ko ya halatta, kuma ko ya dace, a koya wa yaro karatu ta hanyar wasa tsohuwar tambaya ce da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna juyawa, amma nauyinta bai cika bayyana ba sai a wurin yaron da ya ƙi karatu, wato wanda da zarar an ɗauko littafi sai barci ya kama shi, ko cikinsa ya fara ciwo, ko ya tuna an aike shi. Yaron da yake son karatu ba ya tilasta wa kowa tunanin dabara, domin duk hanyar da aka bi da shi zai kai. Mai ƙyuya ne yake sa iyaye da malamai su tsaya su zaɓi abin da za su ɗora maimaici a kansa, tun da yake karatu ba ya zama sai da maimaici, shi kuwa maimaici abu ne mai gundura wanda ƙaramin yaro ba ya ɗaukarsa don kansa. A tarihin tarbiyya abubuwa uku aka fi jingina shi da su, wato tsoron bulala, da kwaɗayin tukwici, da daɗin wasa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana koya wa yaro wani abu daban bayan kalmar da aka nufa ya koya.

Inda wannan tambaya ta fi taɓa iyaye a yau shi ne abin da masana koyar da karatu suke kira kalmomin kallo ɗaya, wato kalmomin da mai karatu yake ganewa da zarar idonsa ya faɗa kansu, ba tare da ya tsaya yana haɗa baƙi ba. Duk wanda ya ƙware haka yake karanta kusan kowace kalma, amma sunan ya fi kama ƙananan kalmomin da suke yawan dawowa a kowane layi. Daga koyar da Turanci maganar ta samo asali, domin Turanci yana rubuta sautuka kusan 44 da haruffa 26, kuma da yawa daga kalmominsa na yau da kullum sun saɓa wa ƙa'ida: kalmar “one” ana fara furta ta da sautin wa alhali babu harafinsa a rubuce, “said” kuwa wasulanta biyu ba sa ba da sautin da suka saba bayarwa a wasu kalmomi. A shekarar 1936 Edward Dolch, malami a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, ya fitar da jerin kalmomi 220 irin waɗannan, waɗanda sukan kai rabin abin da yaro zai ci karo da shi a littattafan farko ko su wuce. Wannan jeri da makamantansa su ne suke shigowa gidajen Hausawa a cikin jakar yaran makarantun naziri da firamare masu koyarwa da Turanci tun daga ranar farko, duk da cewa a da manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara da harshen uwa ko harshen yankin. Saboda haka ɗan shekara biyar yakan sami kansa yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda, yana koyon yadda rubutu yake aiki, yana kuma koyonsa a harshen da bai riga ya ji ba.

An daɗe ana zaton yaro yana haddace irin waɗannan kalmomi ne kamar yadda yake haddace fuskar mutum, wato da siffarsu gaba ɗaya, har sai da binciken Linnea Ehri da wasu, tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya nuna cewa kalma tana zama ta kallo ɗaya ne idan mai koyo ya ɗaure haruffanta da sautukanta a ƙwaƙwalwarsa ta hanyar karanta ta sau da yawa. Makarantar allo ta riga ta tsara aikinta a kan wannan fahimta, domin tana fara wa yaro da babbaƙu, wato baƙaƙe tsura, sannan farfaru, wato baƙaƙe da wasulansu, kafin ta kai shi ga haɗa su. Hausar boko ta fi Turanci sauƙi nesa ba kusa ba ta wannan fuska, saboda kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa, amma tana da nata tarkon. Ba ta rubuta karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa kuka na itace da kuka na hawaye, ko gari na mutane da gari na tuwo, suke fitowa da kama ɗaya a takarda, sai jimla ta raba su. Haka nan ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ita kaɗai ce ta bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, kuma idon ƙaramin yaro yakan tsallake ta. Ko da wane harshe aka fara, abin da ake bukata ɗaya ne: kalma ta yi ta dawowa gaban yaro yana kallonta da hankali a kwance.

Kwanciyar hankalin nan ita ce abin da mai ƙyuya ya rasa. Kalmar ƙyuya tana ɗora laifin a kan halin yaro, alhali wanda aka kira malalaci a gaban littafi shi ne zai yini yana ƙera mota da kara ko da gwangwani ba tare da ya gaji ba. Abin da yake gudu a mafi yawan lokaci shi ne kunya, domin ya sha gwadawa ya kasa a gaban mutane, an yi masa dariya ko tsawa, ko an gwada shi da ƙanwarsa da ta riga shi iyawa, har ya gane cewa ƙin gwadawa ya fi masa arha fiye da gwadawa ya faɗi. Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda wannan yake ninkuwa: wanda ya fara da sauƙi yana ƙara karantawa, yawan karantawa yana ƙara masa sauƙi, wanda ya fara da wuya kuwa yana janyewa, janyewar tana hana shi maimaicin da shi kaɗai zai fitar da shi, sai tazarar da ta fara da taki ɗaya ta zama tafiyar yini. Duk dabarar da ba ta taɓa wannan kunya ba, ko da ta sa yaro ya zauna, ba ta taɓa cutar ba.

Masu ƙin a haɗa wasa da karatu ba mutanen banza ba ne, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta da kyau. Ta fuskar addini suna nuna cewa Alƙur'ani, a surori irin su An'am da Ankabut da Hadid, ya siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala ne don ya nuna ƙanƙancinta, ilimi kuwa ibada ne wanda ake shigarsa da ladabi da natsuwa, don haka cakuɗa su kamar rage darajar mai daraja ne. Hausawa ma sun ce karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma, kuma wanda ya riƙe wannan magana zai ce cire ɗacin cire wani ɓangare ne na tarbiyyar kanta, domin a cikin haƙuri da abin da rai ba ya so ne ake gina mutum. Falsafar Turai tana da irin wannan murya. Aristo, a littafi na takwas na aikinsa a kan siyasa, ya ce ba a koyar da yara don nishaɗi, saboda koyo yana tafe da wahala. Imanuwel Kant, a darussansa na tarbiyya da aka buga a 1803, ya yarda yaro ya yi wasa, amma ya ga cutarwa ce a saba masa da ɗaukar kome a matsayin wasa, tun da rayuwa za ta nemi ya yi aikin da ba ya so. Akwai gaskiya a nan wadda ba za a kauce mata ba, domin wanda bai taɓa koyon zama a kan abu mai wuya ba zai sha wahala a kowane fanni ya shiga.

Sai dai ayoyin da suka ƙasƙantar da wasa suna magana ne da mukallafi, wato baligi mai hankali wanda shari'a ta ɗora wa nauyi, kuma abin da suke zargi shi ne ya bar abin da aka halicce shi dominsa ya shagala da waninsa. Ƙaramin yaro ba ya cikin wannan hukunci. A cikin Suratu Yusuf, da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka nemi a bar shi ya bi su ya yi wasa, mahaifinsu Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare su, ya ambaci baƙin cikin rabuwa da shi da tsoron kerkeci, bai ce wasan laifi ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, kuma yakan turo mata su su ci gaba. Sun kuma ruwaito yadda yakan tsaya ya tambayi ƙanin Anas ɗan Malik, wanda ake yi wa alkunya da Abu Umair, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Abin da ya fi kowanne nauyi a wannan mas'ala shi ne hadisin da Abu Dawuda da wasu suka kawo mai nuna cewa an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga, da kuma wanda ya umarci a hori yara da salla suna da shekara bakwai amma bai ambaci duka ba sai a shekara goma. Idan salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an ba ta shekara uku na lallashi da nuni kafin a yi zancen tsanani, da wuya a sami hujjar tsananta wa ɗan shekara shida a kan wata kalmar Turanci da ta ƙi zama masa.

Malaman da suka rubuta a kan tarbiyya sun fahimci haka, kuma wasunsu 'yan mazhabar Malikiyya ne da ake bi a ƙasar Hausa. Ibnu Sahnun na Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a 870, ya taƙaita dukan da malami zai yi wa ɗalibi a kan karatu da bulala uku sai da izinin uba, ya kuma hana a yi shi cikin fushi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa a cikin Ihya'u cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dushe kaifin hankalinsa, ya sa shi neman dabarar tserewa daga karatun ɗungurungum. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddima a kan cutar da tsanani yake yi wa masu koyo, inda ya nuna cewa yana gadar da kasala, yana kuma koya wa yaro ƙarya da makirci, saboda yakan saba da bayyana abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana bin layi da yatsa yana rera abin da ya haddace da ka, alhali yatsan yana kan wata kalma daban, ya ga abin da Ibnu Haldun yake nufi. Gaskiya ne cewa Gazali ya yi maganar wasa ne a matsayin hutu bayan karatu, bai yi maganar saka shi a cikin darasi ba, amma dalilin da ya bayar, wato rayar da zuciya don ta karɓi ilimi, bai tsaya a bakin ƙofar makaranta ba.

Kuskuren da ke cikin hujjar Aristo da Kant shi ne ɗaukar wasa a matsayin kishiyar wahala. Wanda ya kalli yara suna langa, kowa ya kama babban yatsan ƙafarsa ɗaya yana tsalle da ɗayar, ana bangaje shi yana faɗuwa yana tashi don dai ruwa ya kai ga sha, ya san cewa yara suna jure wahalar da babu malamin da zai iya sa su jure ta da umarni. Wasa yana da dokoki masu tsauri, kuma yaran da kansu suke tsare su, har su kori wanda ya yi maguɗi. Abin da ya raba shi da darasi shi ne farashin kuskure. A aji, kuskure yana taɓa mutuncin yaro, yana zama shaida a kan ko shi wane ne. A filin wasa kuwa faɗuwa tana ƙarewa da ƙarewar zagayen, sai a sake sabon lale. Al'adar Hausawa ta kacici-kacici ta kai wannan hikima matuƙa, domin wanda ya kasa amsa ba a ce masa daƙiƙi, sai dai a ce ya ba da gari, shi kuwa ya ba da Kano ko Katsina ko Damagaram, garuruwan da bai mallaka ba kuma ba zai rasa kome da bayar da su ba, sannan a faɗa masa amsar ya riƙe. An mai da rashin sani abin da ake furtawa cikin dariya, kuma furtawar ita ce ƙofar samun amsa. Wasan karatu na gida, idan an tsara shi da kyau, aikinsa ke nan: ya ɗauke alƙalami daga kan yaro na ɗan lokaci, kamar yadda shari'a ta riga ta ɗauke masa shi a abin da ya fi wannan girma, don ya sami ƙarfin halin sake gwadawa karo na goma da na ashirin. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, wanda ya ba mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe cikin wahala lada biyu, yana nuna yadda addinin kansa yake kallon mai tuntuɓe a karatu.

Akwai wata tuhuma da ta fi ta farko zurfi, wato cewa koyarwa ta hanyar wasa wayo ne ake yi wa yaro, irin na uwar da ke ɓoye magani a cikin zuma, kuma ranar da ya gane zai ƙi zumar da maganin baki ɗaya. Tsofaffin masu goyon bayan wasa sun ba wannan tuhuma ƙofa. Aflatun, a littafi na bakwai na Jamhuriya, ya ce ilimin da aka cusa da tilas ba ya zama a rai, ya kuma ba da shawarar a koyar da yara cikin wasa. Kuntiliyan, malamin balaga na Rum a ƙarni na farko, ya yaba da ba yara haruffan hauren giwa su riƙa juyawa a hannu. Amma Jon Lok na Ingila, a littafinsa na tarbiyya na 1693, ya wuce nan, ya ba da shawarar a nuna wa yaro kamar wasan haruffa na manya ne, a riƙa yi a gabansa ba tare da an gayyace shi ba har kwaɗayi ya sa ya roƙi a sa shi, kuma kada ya san karatu ake koya masa. Wannan ɓoyewar ba ta da amfani, kuma tana rage wa yaro daraja. Babu laifi a ce masa ƙarara ga kalmomi biyar da suke ba shi wuya, ga kuma wasan da za a yi don su zauna.

Bambancin da ya kamata a lura da shi yana tsakanin wasan da karatu ya zama kuɗin shigarsa da wasan da karatu ya zama shi ne motsin wasan. A iri na farko ana cewa yaro ya karanta kalma sannan a bar shi ya jefa ƙwallo, kuma abin da yake koya a nan shi ne karatu shinge ne tsakaninsa da jin daɗi. A iri na biyu ba za a iya cire karatun ba tare da wasan ya rushe ba. Misali, a yanka kwalin sukari gida-gida, a rubuta gajeren umarni a kan kowanne a ɓoye su a tsakar gida, na farko ya ce je randa, na bakin randa ya ce duba turmi, na ƙarƙashin turmi ya ce zo ɗaki, har yaro ya kai ga abin da aka ɓoye. Yaron da ya bi wannan sawu ya gano da ƙafarsa cewa rubutu yana ɗauke da labarin da ba a faɗa masa da baki ba, wanda shi ne asalin amfanin rubutu. Haka nan idan aka rubuta gaɓoɓi huɗu, ka da sa da ba da ra, a cikin marafan kwalbar lemo, yaro zai iya fitar da kasa da saka, bara da raba, kaba da baka, sara da rasa, kara da raka, kalmomi goma daga marafai huɗu, kuma kowace juyawa tana nuna masa cewa jerin haruffa ne yake sauya ma'ana. Ga kalmomin Turanci masu saɓa ƙa'ida, a rubuta kowace sau biyu a kan kwali, a kife, a riƙa buɗe bibbiyu ana neman tagwaye ana furta abin da aka buɗe. Kalma shida sun isa zama ɗaya, kuma ya fi kyau huɗu daga ciki su kasance waɗanda ya riga ya sani, don nasara ta fi faɗuwa yawa. Malaman allo ma ba su rasa wannan basira ba, domin sunayen da suka raɗa wa baƙaƙe, irin su an baki wofi, da ɗa mai hannu, da sin mai ruwa, sun mai da kowane harafi wata halitta mai baki ko hannu da yaro zai iya gani ya tuna.

Halaccin wasa bai sa kowane wasa ya halatta ba. Lok ya yaba da wani uba da ya liƙa wasula a fuskoki shida na ƙwayar jefawa irin ta lido, baƙaƙe kuma a kan wasu ƙwayoyi uku, amma a gidan Musulmi wannan yana cin karo da hadisan da Malik a Muwaɗɗa da Muslim a Sahihinsa suka kawo na hana wasan nardu, wato wasan da ake yi da irin waɗannan ƙwayoyi, kuma ba a rasa kome ba idan aka bar su, tun da zaro kwali daga cikin jaka ido a rufe yana biyan bukatar. Sa kuɗi ko wani abin mallaka a tsakanin masu wasa, wanda ya ci ya kwashe, caca ce ko da ta naira biyar ce. Sannan akwai alfarmar abin da aka rubuta. 'Yar gala-gala, wadda 'yan mata suke zana gidajenta a ƙasa suna tsallakawa da ƙafa ɗaya, tana karɓar kalmomi da kyau idan aka rubuta su da gawayi ko alli a kowane gida, amma abin da za a taka ba ya ɗaukar sunan Allah, ko na Annabi, ko lafazin Alƙur'ani, ko sunayen mutane irin su Abdullahi. Ibnu Sahnun ya kawo a littafinsa cewa ba a goge allon yara da ƙafa, ana wanke shi ne da ruwa mai tsarki a zuba a rami, kuma Bahaushen da yake tsince takarda mai rubutun Larabci daga kan hanya yana bin wannan ladabi ne. Koyon Alƙur'ani yana da nasa zama da nasa natsuwa, kuma abin da ake magana a kansa a nan bai shafe shi ba sai ta fuskar sassauci da tausasawa.

Tukwici ma yana bukatar taka-tsantsan, ko da yake babu haramci a cikinsa. Alewa a kan kowace kalma tana mai da yaro ɗan ƙwadago wanda zai ajiye aiki ranar da aka daina biya, kuma tana mai da hankalinsa daga kalmar zuwa hannun mai bayarwa. Gasa tsakanin wa da ƙani, ko tsakanin 'ya'yan ɗakuna biyu a gida ɗaya, tana dawo da kunyar da aka kawo wasan don a kore ta, sai dai idan an haɗa su ɓangare ɗaya suna karawa da babba. Yana da kyau babban ya riƙa yin kuskure a wasu lokuta yaron ya gyara masa, ba don a ruɗe shi ba, a matsayin wata doka ta wasan da aka sanar da shi tun farko, cewa aikinsa ne ya kama malam idan ya zame.

Kasancewar wasan na gida ne, da kwali da gawayi da marafan kwalba, ya wuce zancen sauƙin kuɗi, duk da cewa sauƙin kuɗin ma ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da littafi ɗaya yake zagaya yara huɗu. Kayan wasan da aka sayo a kanti, ko manhajar da ke cikin waya, an tsara su ne don yaron da ba a sani ba, alhali wanda ya zauna ya yanka kwali sai ya fara sanin kalmomin da ɗansa yake tuntuɓe a kansu, ko yana juya b da d, ko yana tsallake ƙugiya, kuma wannan lura ita ce rabin koyarwa. Shari'a ta ɗora tarbiyyar yaro a wuyan iyayensa a matsayin amana da za a tambaye su a kanta, kuma biyan kuɗin makaranta bai sauke ta duka ba. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da wuri a nan, domin yayar yaron ko wata maƙwabciya za ta iya rubuta kwalayen, ita kuwa ta zauna a matsayin wadda ake koya wa, yaron da ake kira daƙiƙi a aji ya zama shi ne mai riƙe da amsa, ita ce mai ba da gari. Lurar nan ce kuma za ta nuna inda wasa ya gaza: yaron da aka yi watanni ana yi da shi cikin natsuwa amma haruffa ba su zauna ba yana bukatar a duba idonsa da kunnensa a asibiti, a kuma nemi malamin da ya san matsalar wahalar karatu da wasu yara masu cikakken hankali suke fama da ita.

Abin da ya rage wa Kant na gaskiya shi ne cewa wasan ba wurin zama ba ne. Minti goma ko sha biyar a rana sun isa, a tashi tun yaro yana son a ƙara, kuma kowace kalma da ta zauna a kan kwali a nuna masa ita a cikin jimla ta gaske a ranar, don kada ya zama gwanin kwali wanda littafi yake ba shi tsoro. Daɗin da ake so ya gaji daɗin wasa shi ne daɗin labari, irin wanda Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce a kansa a ƙarshen shekarun 1930, da ya rubuta littafin makaranta wanda aku yake riƙe ɗan sarki da hira dare bayan dare, mai karatu ma ya kasa ajiyewa. Alamar cewa lokacin ya yi ba ta da wuyar ganewa, domin yaron zai fara karanta abin da ba a sa shi ba, sunan shago a bakin titi, rubutun bayan babbar mota, takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki, yana tambayar ma'anar abin da ya haɗa. Daga nan sai a fara zama da shi a kan shafi guda mai ɗan wuya ana jira ya fita da kansa, marafan kwalba kuwa a tattara su a gwangwani a ajiye wa ƙaninsa.